Ankwar da Taibatu Ta Ƙera

Talata Mafara, ranar kasuwa

Zuwa ga baiwata Taibatu, mai gyaran keken ɗinki a Bakura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ubangida ga baiwarsa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da jikoki. Ya gajiyar damina? Ya gwiwar taki, halan har yanzu ita ka faɗa maki za a yi ruwa? Mu nan lafiya lau. Shinkafa ta yi kai, tsuntsaye ne kawai suka sa mu gaba. Ɗiyata Mufida tana gaishe ki, ta ce man zafin da ta aiko maki na shafawa ne, kada ki zuba a miya.

To saurara. Mu 'Yan Tuƙ-tuƙ, masu ƙera ƙananan injuna, mun zauna ranar Juma'a a zauren shugabanmu Malam Kamilu, mun tsayar da gasar bana. Za a yi ta bayan yankan shinkafa, a filin makarantar nan ta bayan kasuwa. Injin tururi ake so, wanda zai shige gwangwanin madarar gari a rufe. Kowa za a ba shi cokali ɗaya na kananzir, injinsa ya jawo ruwa daga kwano ya cika kwalbar lemo. Wanda ya riga cikawa shi ne gwani. Tsohuwar dokarmu tana nan daram: hannunka kaɗai. Ko noti wani ya goge maka, ka fita.

Ni na riga na yi nisa. Tukunyar tururi ta jan ƙarfe ce, fistin kuwa daga bawul ɗin tsohon babur na fidda shi, yana shiga silinda sumul. Na raɗa wa injin suna Sai Haƙuri Taibatu.

Don zumunci ga shawara kyauta: ki riƙa zuba wa silindarki man shanu, ya fi kowane mai.

Kada ki kira ni a waya. Kin san injunan ban-ruwa na Bakolori sun cinye mini kunne tun ina aiki, muryarki kuma a waya kamar kaza ta faɗa rijiya. Ki ba Zaharadeen direba amsa yadda muka saba. Zagin takarda ya fi auki, mutum ya karanta yau ya sake karantawa gobe.

Ubangidanki,
Mamuda

*

Bakura, Alhamis

Zuwa ga bawana Mamuda,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, gwiwata ma ta fi kunnenka aiki. Yara duk suna gaishe ka. Rumaisa tana can Damri gidan mijinta, cikin ya tsufa, sai addu'a. Ka gaishe mini da Mufida, Allah ya ba ta ladan haƙuri da kai.

Yo ashe har yanzu ba a gyara maka lissafi ba? Kakata ce ta goyi kakanka, ciki ɗaya suka fito ita ce babba. Taubashi ko na ina ne ya san wa ke gaba. In ka manta, tuna wa Baba Nagode mai agogo ya fara miƙa wa magagari a rumfarsa ta Morai. Ni ce. Kai lokacin aikinka korar ƙuda.

Man shanu kuwa, na gode, na zuba a tuwo.

Bari in ba ka labarin da zai hana ka cin abinci. Ka tuna faifan tagullar nan mai lilo a cikin agogon bango na Baba, wanda ya buga wa ɗigonsa uku na shaida? Wanda ka yi shekara da shekaru kana cewa na sace maka gado? To na ciro shi daga ƙasan adaka. Na huda tsakiyarsa, na goge shi har ina ganin haƙorin makkata a ciki, ya zama wilin injina. Nauyinsa kaɗai in ya fara juyi ba ya son tsayawa. Na kai shi zauren Malam Kamilu da na je sayen allurai, kowa ya ɗauka ya juya. Sufyanu mai walda har cewa ya yi a ɗage gasar bana. Sunan injina Ta Fi Ƙarfin Mamuda.

Kuma ina gargaɗinka tun yanzu. Shekaran bara ka rubuto mini wai ka faɗi a babur ka karye a hannu. Na gaskata ka, na saki aiki na tafi biki Dosara, na zo filin gasa na tarar da kai da hannu biyu lafiyayyu kana yi mini dariya. Ka ci wannan, na yarda. Bana ka nemi wata ƙaryar.

Uwargijiyarka,
Taibatu

*

Talata Mafara, Litinin

Zuwa ga 'yar'uwata Taibatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da yara, da Rumaisa. Allah ya sauke ta lafiya. Wasiƙarki ta iso, na gode. Na ji daɗin labarin tagullar Baba, ta samu wurin da ya dace da ita.

Akwai maganar da nake son yi da ke, ban yi ta da kowa ba sai Mufida. Hannuna na dama ya fara rawa. Tun wajen babbar Sallah nake jin abin, ina cewa gajiya ce. Yanzu kofin shayi sai na tallafe shi da hannu biyu.

Komai na injin ya kammala sai bawul. Kin san ramin da ake huda masa bai fi kafar allura ba. Na ɓata ƙarfe har na daina dubawa. Sai na daidaita komai, na kawo bakin abin hudawa daf da wurin, hannun ya kauce kamar ba nawa ba.

Ban san mi nake so ki yi ba. Doka ta hana ki taɓa mini shi, ni ma ba zan yarda ba. Na dai ga ke kaɗai za ki gane mi ake nufi a ce mutum ya kalli ƙarfe, ya san abin da za a yi masa, hannu ya ƙiya.

Ɗan'uwanki,
Mamuda

*

Bakura, Laraba

Zuwa ga bawana, sarkin maƙaryatan Mafara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, kuma na san kai ma lafiyarka lau.

Kai, Mamuda! Wallahi na yi dariya har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Shekaran bara karaya, bana rawar hannu. Baɗi kuma mi? Za ka ce kura ta cinye maka kai? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Amma na yaba maka, ka ƙara ƙwarewa, har da su kofin shayi. Da ban san ka ba da na yi hawaye.

Ni dai aikina nake yi. Jiya na kunna Ta Fi Ƙarfin Mamuda a tsakar gida, ta cika kwalba kafin in gama ɗaura ɗankwali.

Tunda hannu ya koma rawa, bai kamata a bar baiwar Allah ta tafi a banza ba. Ga caki nan na ba Zaharadeen, na ɗan duma, ni na zuba masa tsakuwa da kaina. Ka riƙe shi kawai, sauran aikin hannun zai yi. Ranar gasa sai ka tsaya gefe ka yi wa injina kiɗa.

Uwargijiyarka,
Taibatu

*

Bakura, Lahadi

Mamuda,

Sallama. Muna lafiya. An fara yankan shinkafa nan wajenmu, ko'ina sai ƙamshin ɗanyen kara.

Zaharadeen ya je Mafara ya dawo hannu banza, ya sake zuwa ya sake dawowa. Na tambaye shi, ya ce bai gan ka a ƙofar zaure ba, Mufida ce ta karɓi saƙo. Halan caki ya yi maka daɗi har ka shiga koyon waƙa? Ko biron naka ne shi ma ya kama rawa?

In sabuwar dabara ce ta shiru, ba za ta ci ni ba. Amma dai ka rubuto. Gidan nan in ba a zage ni daga Mafara ba, abinci ba ya yi mini ɗanɗano.

Taibatu

*

Talata Mafara, Talata

Zuwa ga Gwaggo Taibatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gwaggo, ina gaishe ki da girmamawa. Ya jiki, ya gwiwa, ya su Yaya Rumaisa? Allah ya ƙara lafiya. Ni ce Mufida. Baba bai san na rubuto ba.

Gwaggo, maganar hannun gaskiya ce. Ni na raka shi asibiti Gusau. Likita ya ce ba ciwon da ke kisa ba ne, kuma ba shanyewar jiki ba ce, alhamdu lillahi. Amma ya ce rawar ba za ta tafi ba, magani rage ta kawai zai yi.

Ranar da cakin ya iso ina wurin. Ya karanta wasiƙarki, ya ɗauki cakin, sai ga shi yana kaɗawa a hannunsa ba shi ya kaɗa ba. Ya yi dariya kaɗan ya ce, "Ta yi gaskiya, yana aiki." Daga nan ya rataye shi a ƙusa saman teburin aikinsa, ya tattara magagarai da filaya da komai ya zuba a akwati ya kulle. Tun ranar bai zauna a teburin ba. Ya ce ranar gasa zai kai akwatin fili ya raba wa 'Yan Tuƙ-tuƙ kayan, kowa ya ɗauki abin da yake so.

Ba fushi yake da ke ba. Ya ce shi ya jawo, wanda ya saba ƙarya ranar gaskiyarsa ba mai saye. Amma Gwaggo, mutumin da in yana goge ƙarfe sai an kira shi sallah sau biyu, yanzu zaune yake yana kallon kaji. Tsoro nake ji. In akwatin nan ya fita daga gidan nan ban san me zai tashe shi da safe ba.

Abu ɗaya nake roƙo, kada ki nuna masa tausayi. Malam Kamilu ya zo ya ce a sassauta masa doka wani ya huda masa bawul ɗin, ranar ko tuwon dare bai ci ba.

Ɗiyarki,
Mufida

*

Bakura, Laraba

Ɗiyata Mufida,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki masu yi maki abin da kika yi wa ubanki.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauko wasiƙar tasa na sake karantawa. Mufida, babu zagi ko ɗaya a cikinta. 'Yar'uwata ya ce mini. Tun yana yawo ba wando bai taɓa kirana haka ba, ko ranar da mijina ya rasu baiwata ya ce, yana kuka yana faɗi. Abin yana gabana ƙiri-ƙiri, ni kuwa ina can ina zuba tsakuwa a duma. Na ji kunya, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

To kuka ba ya huda bawul. Ga abin da za ki yi. Ki ɗauki agogon hannunsa in ya cire zai yi alwala, ki auna maɗaurin da zare daidai ramin da yake sawa. Ki auna mini kaurin katakon teburinsa, da tsawon hannunsa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, wannan a rigarsa za ki auna. Ki ƙulla kowane zare daban ki ba Zaharadeen.

Makullin akwatin kuma ki ɗauke ki ɓoye. In ya tambaya ki ce ni na aiko aka sace. Taubashiya tana da wannan ikon, ko gaban alƙali.

Tausayi kuwa kada ki damu. Bai taɓa samu a wurina ba, ba kuma zai fara yanzu ba.

Gwaggonki,
Taibatu

*

Bakura, Litinin

Zuwa ga bawana mai tawaye,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ban kuma tambayi taka ba.

Bawan da uwargijiyarsa ta rubuta masa har sau biyu ya yi kunnen uwar shegu, ya yi tawaye, hukuncinsa kuwa ankwa. Ga ta nan cikin kwali, na ƙera ta daidai wuyan hannunka. Makullin akwatinka ma yana hannuna, wato yana hannun wakiliyata, za a ba ka in ka miƙa wuya.

Tunda kanka ba ya ja, bari in yi maka dalla-dalla. Katakon ƙasa ka matse shi a bakin tebur da notin nan mai kunne. Ka ɗora hannunka a kan sandar, sandar allurar tsohon keke ce, tana tafiya a kan boris gaba da baya, hagu da dama. Ka ɗaure wuyan hannu da maɗaurin fata. Abin nan mai nauyi da na ɗinke cikin jar fata a bayan sandar, kada ka taɓa shi, kada ka buɗe, ba ruwanka da shi. In hannu ya tafi a hankali zai bi shi. In hannu ya yi fizga, nauyin zai ƙi. Haka ake yi wa jaki mai tutsu.

Kuma kada ka zo mini da zancen doka. Ankwa ba ta san inda rami yake ba, ba ta da ido, ba ta taɓa zama rumfar Baba Nagode ba. Hannunka ne zai yi hudar. In ramin ya karkace kai ka karkatar da shi.

Cakin nan ka dawo mini da abina. Na yi tunani, bai dace da kai ba, ba ka da kunnen kiɗa.

Gasar bana ba zan zo ba. Rumaisa ta shiga watanta, gobe zan tafi Damri in zauna da ita. Ka ce wa su Sufyanu Allah ya cece su. Ka aiko amsa can.

Uwargijiyarka,
Taibatu

*

Talata Mafara, Asabar

Zuwa ga baiwata, ɓarauniyar makulli,

Wa alaikumus salam. Ya Damri, ya mai jiki? Allah ya raba lafiya.

Kwalinki ya iso. Na bar shi a ƙofar ɗaki ya kwana biyu, don ban ga dalilin da ɗa zai sa ankwar baiwa ba. Mufida ce ta dame ni, na ce bari in gwada don in samu abin zaginki. Kuma na samu. Ɗinkin fatar a karkace yake, notin mai kunne ya ci mini yatsa, boris ɗaya yana kuka sai da na ɗiga masa mai. A ce mai gyaran keken ɗinki ce ta yi wanga ɗinki!

Taibatu, bawul ya hudu.

Na farko ya ɗan kauce, laifina ne, na yi gaggawa. Na biyu na ja numfashi na bi a hankali, ina jin hannun yana son ya yi halinsa, abin nan na baya yana cewa a'a. Bakin ya shiga ya fita. Na ɗaga ƙarfen na duba ta hasken taga, rami zagaye tas, a tsakiya. Na yi kabbara har kajin gidan suka watse, Mufida ta fito da gudu ba takalmi tana zaton faɗuwa na yi. Da la'asar na kunna lagwani. Sai Haƙuri Taibatu ya yi tari, ya yi atishawa, ya kama tuƙ-tuƙ-tuƙ. Ni da ba na jin kiran waya, wallahi na ji shi, ta cikin katakon tebur ya hawo mini har ƙirji.

Caki ba zai dawo ba, kyauta ba ta komawa gida.

Zancen Rumaisa kuwa ban yarda ba. Damri zuwa Mafara tafiyar mi ce? Ki aiko da injin naki mana a kunna maki. Tsoro ne ya kama ki, ki faɗi gaskiya.

Ubangidanki,
Mamuda

*

Talata Mafara, washegarin gasa

Zuwa ga baiwata Taibatu,

Assalamu alaikum. Barka, barka! Zaharadeen ya kawo mana albishir Rumaisa ta sauka, an samu ɗiya mace. Allah ya raya ta, ya sa kada ta ɗauko bakin kakarta. Ya mai jego? Ya ruwan zafi? Mufida za ta zo suna.

Bari in ba ki labarin jiya, tunda tsoro ya hana ki gani da idonki.

Fili ya cika. Mutanen Morai sun zo, na Maradun sun zo mota guda, har masu rake da masu ƙosai suka kafa kasuwa. An jera tebura a inuwar dalbejiya, kowa da gwangwaninsa a rufe kamar masu kai kayan lefe. Wani malamin makaranta daga Dosara ya zo da inji mai usur, ya iya ihu amma bai iya jan ruwa ba. Na Nazir mai gyaran rediyo ya yi gudu har ya sauka daga tebur ya nufi masu ƙosai.

Ni na zo da ankwata a fili, don ba na son a ce na ɓoye wani abu, kuma da ita zan daidaita bawul in kunna lagwani. Ina matse ta a tebur Sufyanu mai walda ya taso.

Ya ce, "Malam Kamilu, doka ta ce hannunka kaɗai. Wannan fa?"

Malam Kamilu ya ce, "Sufyanu, mi ke bisa hancinka?"

Ya ce, "Tabarau."

Ya ce, "To cire, doka ba ta ce da idon kanti ba."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ya ce shi dai abin da ke cikin jar fatar nan ne bai yarda da shi ba, wa ya sani ko batir ne da ɗan inji ke tuƙa hannun. Na ce ni ma ban san mi ke ciki ba, an hana ni buɗewa. Malam Kamilu ya ce to a buɗe kowa ya huta. Ya sa reza ya farke ɗinkinki, wanda dama bai da wani ƙarfi.

Taibatu, tagullar Baba ce ta faɗo a tafin hannunsa. Ga ɗigo uku, ga ramin da kika huda a tsakiya, tana walƙiya.

Duk ɗan Tuƙ-tuƙ da ke wurin ya taɓa juya wilin nan a zauren Malam Kamilu, kowa ya san na wane inji ne. Sufyanu ya duba boris ɗin da sandar ke tafiya a kai, ya ce a hankali, "Waɗannan ma nata ne." Sai ya karɓi tagullar, ya ɗaure ta a mazauninta da waya da hannunsa, ya ce, "Baba Mamuda, kunna."

Ban ga lagwanin sosai ba, hayaƙin masu ƙosai ya shiga mini ido. Amma na kunna.

Sufyanu ne ya riga cikawa, yaron ya iya aiki, ba a hana shi. Ni na zo na biyu, ruwana yana wuyan kwalba nasa ya zuba. Na tsaya na bar Sai Haƙuri Taibatu ya cika tasa har ta tumbatsa, aka ɗauke ni sama kamar ni na ci, hulata ma ban san inda ta faɗi ba. Kowa ya san da Ta Fi Ƙarfin Mamuda ta zo, da ni da Sufyanu duk kallo za mu yi. Kin kwance injin da ya cika kwalba kafin ki ɗaura ɗankwali. Na daɗe ban yi farin ciki irin na jiya ba, kuma na daɗe ban ji nauyin mutum irin naki ba. Na faɗa sau ɗaya, kada ki saba.

Akwati yana gida, a buɗe. Ba wanda zan ba ko ƙusa.

Ga gwangwani nan na ba Zaharadeen. Injin ne. Na cire famfon ruwan na sa masa ɗan hannu, na ɗaura cakinki a kai. Ki zuba ruwa, ki kunna, ki ajiye nesa da gadon jaririya. Kin ce in yi wa injinki kiɗa, to ga nawa zai yi wa jikarki.

Tagullar kuwa ta dawo gidan gado. Dama tawa ce.

Ubangidanki,
Mamuda

*

Damri, Alhamis

Zuwa ga bawana na biyu, tunda na ɗaya Sufyanu ne,

Wa alaikumus salam. Mai jego lafiya, jaririya lafiya, bakinta kuwa nawa ne sak, ka shirya.

Na ce kada a buɗe, aka buɗe. Maza dai ba a ba ku ajiya. Kuma kada kanka ya kumbura, nauyi nake nema na rasa, ita ce kusa da hannuna.

Gwangwani ya iso. Na kwance injin na duba kafin in kunna. Gogen fistin ɗinka har yanzu na malalaci ne, dalmar tukunya ta yi yawa. Ramin bawul kuwa na ɗaga shi a rana na daɗe ina kallo. Ba laifi.

Mun kunna shi a tsakar gida. Caki ya kama caka-caka, matan unguwa suka cika gidan, ungozoma ta ajiye buta ta taka rawa, surukar Rumaisa tana cewa a ƙara kananzir. Jaririyar da ta hana mu sakat tun safe ta yi shiru, ta yi barci. Yanzu kullum sai an kunna, ka jawo mini sayen kananzir.

Tagulla ka riƙe ta aro, aro na ce. Na samu wani tsohon faifan keken ɗinki na baƙin ƙarfe, baɗi da shi zan kayar da kai, kai da ankwarka.

Saura magana ɗaya, ka buɗe kunnen nan naka da Bakolori ta bari. In hannun ya ƙaru, ko wani abu ya same ka, ka faɗa mini, zan yarda ko ƙarya ce. Amma ka sa zagi a ciki. Kada ka sake rubuto mini wasiƙa kana ce mini 'yar'uwa, Mamuda. Tun da na gane waccan ban ƙara cin abinci ya zauna mini ba sai ranar da ka kira ni ɓarauniya.

Uwargijiyarka,
Taibatu